Waken da Ya Hau Bene

Ranar da ruwa ya cika kwana tara yana zuba a kwarin kogin Neretwa, Eshref ya gama gyara agogo na ƙarshe da ke gidansa, ya rasa abin da zai taɓa. Irin ruwan nan ne namu na tsakiyar hunturu, ba tsawa, ba gaggawa, mamako kawai dare da rana, har bango ya fara gumi, gishiri ya dunƙule a gwangwani, gwiwoyin tsofaffi su ɗauki ƙara. Mai hankali a irin wannan lokaci gefen murhu yake samu ya zauna, ya sha gahawa, ya jira. Eshref kuwa Allah bai halicce shi da zama ba. Shekara talatin da takwas ya yi yana aikin jirgin ƙasa, ya ajiye aiki da hannu mai ƙaiƙayi da kai cike da tambaya. In ya ga abu a rufe sai ya buɗe ya ga me ke ciki. Rediyon gidan sau uku yana warware ta, alhali lafiyarta ƙalau.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne hannun matarsa, Shefika. Mako guda kafin nan ta zame a matakalar waje tana saukowa daga bene da tsumman goge-goge, ta karye a wuyan hannun dama. Benen nan na ɗansu Sanel ne, wanda ke Jamus shekara goma sha tara. Shi ya ɗora shi a kan gidan iyayensa, kamar yadda rabin 'ya'yan garin nan suka yi, saboda ranar da zai dawo gida gaba ɗaya. Daɓen katako mai sheƙi, kujeru lulluɓe da leda, ƙatuwar taga mai kallon kudu. Ba mai kwana a can sai mako biyu cikin watan Agusta. Amma duk ranar Alhamis sai Shefika ta hau ta share, ta goge, ta buɗe taga ta rufe, sannan ta sauko ɗakin girkinsu na ƙasa, inda suke ci, suke zama, suke kwana in sanyi ya tsananta.

Likita ya ɗaure hannun da farin siminti irin na asibiti, ya ce mako takwas. Shi ke nan aikin gida ya faɗo kan Eshref, kuma wallahi murna ya yi, kamar yaron da aka ba sabon abin wasa.

"Tsoho, wanke-wanke na ce ka yi, ban ce ka binciki famfo ba," in ji Shefika daga kan doguwar kujera.

"Yana ɗiga ne."

"Shekara goma yana ɗiga, bai kashe kowa ba."

"To me ya sa yake ɗiga? Ba kya son ki sani?"

"Ba na so."

Haka suke tun safe har yamma. Ya koyi murza fulawa, ya koyi shanya a igiya bisa murhu, ya gano cewa albasa ba ta sa hawaye sosai in ta yi sanyi, ya zo yana ba ta labari sai ka ce shi ya ƙirƙiro albasa.

Ranar nan ta tara, bayan la'asar, Shefika ta ce gobe miyar wake take sha'awa, da busasshen naman nan mai hayaƙi. Ta ce ya jiƙa waken tun yau. Ta ja bargo, maganin ciwon da ta sha ya ɗauke ta, barci ya tafi da ita.

Eshref ya shiga ɗakin ajiya. Farin waken kanti yana nan a ledarsa, a gabansa, ko makaho ya laluba zai same shi. Amma idon mutumin nan ba ya tsayawa a kan abin da ke gabansa. Can sama, a jikin ƙusa, ya hango wata tsohuwar safar ulu an ɗaure bakinta da zare, ta yi nauyi kamar da duwatsu a ciki. Ya taka akwati ya sauko da ita. Ya kwance. Toka ce ta fara zubowa, da wani busasshen ganye mai ƙamshi, sannan wake: manya-manya, farare masu ɗigo-ɗigon ja, kowane da irin zanensa. Bai taɓa ganin wake mai kyau haka ba.

"Ikon Allah," ya ce a ransa. "Ga wake na sarakuna an manta da shi cikin datti, mu kuma muna cin na kanti."

Ya tace tokar, ya wanke waken sau uku har ruwan ya yi garau, ya zuba a babbar tasa, ya cika ta da ruwa mai ɗumi. Bai kai cikin tafi uku ba, don haka ya yi niyyar ƙara naman da yawa. Har safar ya wanke ya shanya. Ya kwanta yana jin daɗin kansa.

Da safe yana hura murhu ya ji shiru ya yi yawa a bayansa. Ya waiga. Shefika na tsaye kan tasar, hannun mai siminti rataye a wuya, tana kallon waken da ya kumbura ya cika tasa. Sai ta ɗaga kai ta ga safar a igiya.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce a hankali. "Eshref, me ka yi?"

In Shefika ta kira shi da sunansa maimakon "tsoho", to magana ta ɓaci. Ya yi tsuru-tsuru da itace a hannu.

"Wake na jiƙa. Ke kika ce."

"Irin mahaifiyata ne. Iri ne, Eshref! Duka ka zuba?"

"Duka."

Ta zauna a kujera. Ba ta yi ihu ba, kuma da ihun ta yi da ya fi masa sauƙi.

Kada wani ya ce mutumin bai san da wannan wake ba. Ya sani sarai. Shekara arba'in da uku yana cinsa. Ya san mahaifiyar Shefika, marigayiya Derwisha, ita ta fito da shi daga ƙauyensu ranar da aka tashe su saboda madatsar ruwa, ta bar tukwane da tabarmi amma ta ɗauko iri cikin safa. Ƙauyen yanzu yana ƙarƙashin tafki, kifaye na yawo a masallacinsa. Duk wannan ya sani. Amma lambu na Shefika ne, tukunya tata ce, shi a kwano kaɗai yake haɗuwa da waken, bayan ya dahu ya koma ruwan ƙasa, zanen ya ɓace. Mutumin da ya san cikin kowane agogo a unguwa bai taɓa tambayar inda irin matarsa ke kwana ba.

"To ai sai a ɗebo daga na ci," ya ce.

"Wane na ci? Ka ga mun ci shi bana? Fari ya ƙone lambun, abin da na tsira da shi ke nan. Shi ya sa na rataye shi can sama, inda ɓera ba ya kai wa. Ashe ɓeran yana da akwatin takawa."

"Maƙwabta fa? Ba wanda kika taɓa ba?"

"Na ba mutum biyu, suka haɗa shi da nasu ya lalace. Yayata da ke da shi ta rasu. Babu, Eshref. Daga tasar nan sai babu."

"A sake busar da shi. In shimfiɗa a tsumma kusa da murhu."

"Irin da ya sha ruwa ya farka. Ba ya komawa barci. Ko a shuka shi, ko ya ruɓe." Ta dubi taga, inda ruwa ke gangarowa. "Kuma ba a shuka wake sai farkon Mayu. Yau sha huɗu ga Janairu. Ɗora tukunya kawai. Mu ci, mu yi wa tsohuwa addu'a, a wuce wurin."

Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe shi. Amma ƙarƙashinsu, Allah ya yafe masa, wani abu daban ne ke motsi. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya sa madubin gyaran agogo a ido. A gefen cibiyar waken, ƙarƙashin fatar da ta yi laushi, akwai wani ɗan tsini fari da ke turowa.

"In ya farka," ya ce, "me zai hana ya tashi a nan cikin ɗaki?"

"Wake a ɗaki? A hunturu?"

"Wa ya taɓa gwadawa?"

"Ba wanda ya taɓa, don ba wanda ya taɓa auren irinka."

Bai ɗora tukunya ba. Ranar farin waken kanti suka ci, shi ma bai dahu da kyau ba. Eshref ya sa rigar ruwa ya fita rumfar itace, ya kankaro busasshiyar ƙasa a bokiti, ya haɗa da tsohon taki. Ya tattaro duk robar kindirmo da gwangwanin da ke gidan, ya huhhuda gindinsu da ƙusa. Da suka ƙare ya shiga kofunan shayin da suka rasa mariƙi. Ƙwaya ɗari da tamanin da shida ya ƙirga, ya shuka bibbiyu da uku-uku. Kafin azahar ɗakin girki ya koma kamar kasuwar 'yan gwangwani: kan taga, kan kabad, kan talabijin, har ƙarƙashin tebur.

Shefika ta juya musu baya. Da yake ba ta iya saƙa da hannu ɗaya, sai ta ɗauko tsofaffin rigunan sanyi tana warware su, ta danne da gwiwa tana jan zaren da hagu, shi kuma in ta kira shi ya zo ya miƙa hannuwa biyu ta naɗe a kai. Kwana biyar ba ta yi maganar wake ba, shi ma bai isa ya yi ba.

A rana ta shida ƙasar wata roba ta tsage. Eshref ya ja kujera ya zauna gabanta da madubinsa. Abin da ya ba shi mamaki, ba da kai tsiron ya fito ba. Da wuya ya fito, a lanƙwashe kamar ƙugiya, yana janyo kansa daga ƙasa ta baya.

"Tsohuwa, zo ki gani! Ashe da ƙeya yake fitowa. Don kada ya ji ciwo a ka, ko? Dabara ce fa!"

"Shekara hamsin ina ganinsa."

"Kin taɓa lura da ƙeya yake fitowa?"

Ta ci gaba da jan zarenta. Amma da ya fita ɗebo itace ya dawo, sai ya tarar an matsar da robar daga bakin murhu zuwa inda zafi bai yi yawa ba. Ya yi kamar bai gani ba.

Fiye da ɗari suka tsiro. Mako guda gidan ya yi daɗi. Eshref ya gano ganyen na sunkuyawa da magariba, ya miƙe da safe, ko an kunna fitila ko ba a kunna ba. Wa ke gaya masa lokaci? Ya sa roba ɗaya cikin kabad ya rufe don ya ruɗa ta, ya buɗe da hantsi ya tarar ta miƙe abinta a cikin duhu. Ya daɗe yana girgiza kai. Agogo ba zare, ba batir, kuma ba mai murɗa shi.

Sai abin ya fara juyawa. Tagar ɗakin girkinsu ƙarama ce, kuma dutse take kallo. A hunturu hasken da ke shigowa bai fi na a gane fuskar mutum ba. Tsiron suka yi ta tsawo ba ƙwari, sirara, fari-fari, duk sun karkata wajen taga suna tura juna. Ga damshi. Da safe sai a tarar uku ko biyar sun kwanta, wuyansu ya yi baƙi daidai bakin ƙasa. Eshref ya rage ban ruwa. Ya barbaɗa toka. Ya ciro madubin banɗaki ya jingina a bayansu don haske ya ninku, ya manna takardar azurfa ta cikin kwalin gahawa a jikin kwali. Ya kunna musu fitilar gyaran agogo, ta ƙone biyu. Daga ɗari suka koma sittin, daga sittin zuwa ashirin da uku. Kullum da safe ya kwashe matattu ya fita da su a ɓoye cikin aljihu, kamar Shefika ba ta iya ƙirga.

Ya san inda haske yake. Ita ma ta sani. Kwana uku yana zagaya maganar kafin ya faɗa.

"Tagar sama tana kallon kudu," ya ce, yana riƙe mata zare. "Ko da hadari, hasken can ya ninka na nan sau biyar. Na auna."

"Da me ka auna?"

"Da jarida. A nan ba na iya karanta ƙananan rubutu, a can ina iyawa har la'asar."

"Wato ka hau. Da wane takalmi?"

"Da safa, wallahi. Ki saurara. Akwai ramin hayaƙi a bango, an rufe shi da faranti. Ƙaramin murhun nan na rumfa zai shiga. Sai 'yan ƙusoshi a silin don igiya, tunda mai yaɗo ne..."

"Ƙusa? A silin ɗin Sanel? Murhun itace a kan katakon da yaron nan ya shimfiɗa da gwiwoyinsa? Ka kashe mini iri, yanzu kuma ɗakin ɗana za ka mayar gona?"

"Ba mai zama a ciki, Shefika."

"Zai zauna! In ya dawo ya tarar da hayaƙi a bango, ka ce masa me?"

"In ya dawo yaushe?"

Kai, da ya san yadda maganar za ta fito da ya haɗiye ta. Ta zare zaren daga hannuwansa da ƙarfi har ya ƙone masa yatsa. Ranar ba a sha gahawar yamma ba, abin da ko rasuwa aka yi ba a fasawa a gidan.

Ruwa ya ci gaba. Kogi ya cika ya yi launin ƙasa, kajin maƙwabta suka daina fita. Ashirin da uku suka koma goma sha huɗu. Eshref ya daina gwaje-gwaje, ya daina kiranta ta zo ta gani. Yana zuba musu ido kawai, yana jin kamar shi ne ke shaƙe su ɗaya bayan ɗaya. Tsoro ya kama shi na gaske, ba na faɗanta ba, na ranar da zai fita da roba ta ƙarshe, ya dawo ya zauna da matar da ya raba da abin da ya rage mata na uwarta.

Ranar wata Alhamis ya farka ya ga Shefika durƙushe gaban taga da ɗankwalin salla a kanta, tana taɓa tsiron da yatsan hagu tana ƙirgawa.

"Tara," ta ce, ba ta waiga ba. "Jiya sha ɗaya ne."

"Haka ne."

"Yau Alhamis. Riƙe ni in hau."

Tun da ta faɗi ba ta taka matakalar ba. Ya riƙe mata lema da hannu ɗaya, gwiwar hannunta da ɗaya, suka hau a hankali. Suka tuɓe takalma a bakin ƙofa. Ɗakin ya yi sanyi kamar cikin rijiya, yana warin sabon fenti har yau. Ta yi tsaye tana duban kujerun da ledarsu, da gadon da ba a taɓa kwana wata guda cur a kansa ba, da ƙananan silifas biyu na jikoki waɗanda ƙafafun masu su suka wuce su tun shekara shida. Ruwa bai tsaya ba, amma hasken da ke shigowa ta ƙatuwar tagar har inuwa yake yi wa mutum a ƙasa.

Ta daɗe. Karo na farko a rayuwarsa, Eshref bai tambayi komai ba.

"Igiya nawa kake bukata?" ta ce.

"Tara."

"Ƙananan ƙusoshi za ka sa. Kuma a jere, ba irin aikinka na hauka ba."

Ya sauka da gudu har ya kusa maimaita faɗuwarta. Ya kira maƙwabcinsu Ragib suka cicciɓo murhun daga rumfa, Ragib na haki yana cewa, "Ni dai na ga masu hawa da amarya bene, ban taɓa ganin masu hawa da wake ba." Suka shimfiɗa falangen ƙarfe a ƙasa, suka zura bututun hayaƙi. Aka juye tsiron tara a bokitai da tsohuwar tukunyar wanki. Da Eshref ya hau kujera ya ɗora ƙusa ta farko a farin silin, sai ya tsaya ya dubi matarsa. Ta rufe ido.

"Buga mana, kana jiran in canza ra'ayi?"

Ya buga. Igiyar kuwa zaren ulun da ta warware ne, ja da shuɗi, ta murɗa shi riɓi uku.

Biyu suka ƙara mutuwa a makon farko. Bakwai suka tsaya. Ganyensu ya yi kore shar, ƙafarsu ta yi kauri, kowanne ya fitar da dogon harshe yana laluben iska. Tunda murhu na son mai kula, sai zaman yini ya koma sama. Shefika ta yaye ledar kujera ɗaya, wai don kada zafi ya narkar da ita. Bayan kwana biyu ta yaye ta biyu.

Nan Eshref ya samu abin da ya fi duk agogunan duniya. Ya lura harshen waken ba a tsaye yake ba, kewayawa yake yi a hankali yana neman abin kamawa. Ya ajiye agogo a gefe, ya kafa fensir a ƙasan bokiti don alama, ya zauna. Zagaye ɗaya, awa ɗaya da minti arba'in. Kuma da suka kama zaren, duk bakwai ɗin gefe guda suka naɗe, saɓanin hannun agogo. Wannan ya tsaya masa a rai. Ya warware ɗaya a hankali ya naɗe shi ta ɗaya gefen. Kafin ya gama cin abincin rana ya warware kansa ya koma yadda yake.

"Taurin kai gare shi," ya ce. "Duk duniya agogo dama yake bi, shi ya ce sai hagu."

"Masu ɗawafi ta ina suke bi?" in ji Shefika. "Ka bar shi, ya fi ka sanin hanya. Kuma ka ƙara taɓa shi sai na karya maka hannu mu zama biyu."

Aka cire mata siminti farkon Maris. Hannun ya fito siriri, fari, tana matsa ƙwallon zare don ya yi ƙarfi. Waken ya kai silin ya fara rarrafe a jikinsa. Bango ya yi dishi-dishin hayaƙi a saman murhu, kuma duk da falange, wani bokiti ya yi yoyo ya bar baƙin zobe a katako. Shefika ta gani, ta goge, bai fita ba, ta ajiye tsumman.

Fure ya fito tsakiyar wata, fari da ɗan shuɗi-shuɗi. Eshref ya damu da rashin ƙudan zuma, ya bi su ɗaya-ɗaya da ɗan burushin share agogo, ko da yake ta ce masa wake ba ya bukatar ɗan aike. Da yawa suka kaɗe suka zubo. Kullum da safe sai su bi igiya bakwai da ido, daga ƙasa har sama.

Ranar wata Lahadi, ruwa na dukan taga, wayar Shefika ta yi ƙara. Sanel ne, kiran da ake ganin fuska, kamar kowane mako. Da can sauka take yi da sauri ta amsa a ɗakin girki. Yau ta zauna inda take, ta danna.

"Mama, ya hannu? Baba fa?" Sai ya tsaya. "Tsaya, ina kuke? Wannan ba sama ba ne? Mene ne wancan a bayanki?"

Ta juya wayar a hankali ta nuna masa komai: bokitai, murhu, zare ja da shuɗi, ƙusoshi a silin, zoben da ke ƙasa.

"Haba Mama! Katakon nan fa da hannuna na jera shi. Baba, kai ne da wannan aiki ko? Wallahi na san kai ne. In muka dawo a ina za mu..."

"Sanel," ta ce. "Saurara, ɗana. Ba za ka dawo ba."

Eshref ya juyo ya dube ta, ita kuwa ta ci gaba.

"'Ya'yanka can aka haife su, can za su yi aure. Na daɗe da sani, bakina ne ya ƙi faɗa. Ba na jin haushinka, ko kaɗan. Ka zo Agusta kamar kullum, gadonka na nan, zan yi maka abincin da kake so. Amma na gaji da share ɗakin da ba kowa."

A cikin wayar Sanel ya sunkuyar da kai yana murza ido da yatsa. Mutum mai shekara arba'in da biyu, da furfura a gemu. Bai ce za su dawo ba. Ya ce, "To, Mama," sannan ya ce zai sake kira da yamma.

Ta kife wayar a cinya. Sannan kukan ya zo, mai yawa, irin wanda aka daɗe ana tarawa. Eshref bai san abin da ake yi wa kuka ba, bai taɓa sani ba. Ya ƙara itace a murhun da ba ya bukata. Ya dawo ya tsaya gaban igiya ta huɗu, don kawai ya sami inda zai sa ido. Can sama da kansa kaɗan, inda wani fure ya bushe ya maƙale, sai ya ga wani ɗan abu kore, siriri, bai kai tsawon ashana ba. Ya sa madubi. Kwanson wake ne. A bayansa ga wani, ga kuma wani.

Ya buɗe baki zai yi ihu, ya fasa. Ya je ya kama hannunta, wanda ya karye, ya tashe ta, ya kawo ta gaban igiyar, ya ɗora yatsanta a kai. Ta shafa shi a hankali, hawaye na ɗiga daga haɓarta. Ta bi sauran igiyoyin da kanta. Goma sha ɗaya ta samu.

"In suka nuna kafin ƙarshen Mayu, za a iya shukawa bana," ta ce, tana jan hanci. "Kada ka taɓa su."

"Ban taɓa ba."

"Kada ma ka kalle su da yawa."

Ta goge fuska da gefen ɗankwali, ta dubi ɗakin daga bango zuwa bango, ta dubi ruwan da ke zuba a waje.

"Je ka kira Ragib," ta ce. "Ku hau mana da gadonmu, ƙasa ta yi mini duhu."